Koren Ruwan Ya Gumsu

Matatsar manja, Jihar Edo
9 ga Janairu, 2025

Zuwa ga taubashiyata Najiba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ku lafiya, ke da maigidanki Babagana, da 'yarku Rumaisa'u, da surukarki Ya Gumsu. Yaya ƙafar tata? Ni lafiya lau nake, in ban da sauro, wanda a nan bai san rani ba bai san damina ba.

Na san za ki ce wa ke rubuta wasiƙa a wannan zamani. Inda nake babu sabis sai mutum ya hau babur ya yi tafiyar minti arba'in, kuma ko na samu wayar Babagana, muna cikin gaisuwa kati yake ƙarewa. Dzarma, direban da ke kai manja Kasuwar Monday ta Maiduguri daga nan, mutumin Biu ne kuma mai amana, shi zai riƙa kai mana yana kawowa. Ga jarkar manja nan, ki daina cewa ɗan gwaggonki ya shiga kurmi ya manta da ku.

Ga abin da ya sa na rubuto. Idan an dafa kwakwar manja an tatse, akwai ruwan dagwalo da ke saura, mai kauri kamar kunu, ga zafi ga wari. Shekara da shekaru a rafi ake sakin sa, har kifi ya ƙare, mutanen ƙauye suka tayar da hankali. Shi ne aka ɗauko wata injiniya, Madam Vivian, ni kuma ina ƙarƙashinta. Mun haƙa rami mun rufe da tamfol, dagwalon yana ruɓewa a ciki yana fitar da iskar gas irin ta girki. Amma ruwan da ke fitowa daga ramin har yanzu ƙazanta ne. Dabarar ita ce a tara shi a kududdufi a zuba gansakuka, ta cinye dattin, ruwa ya washe, a kwashe ta a mayar cikin ramin ta ƙara gas. A takarda abin gwanin sha'awa. A ƙasa kuwa, sau uku muna sayo iri daga birni, sau uku yana mutuwa.

Sai na tuna miyar nan koriya shar da Ya Gumsu ta yi mana ranar sunan Rumaisa'u, wadda ta ce daga ruwan bakin tafki ake ɗebo ta. Abin da ya rayu a zafin ƙasarmu, ina ganin ba dagwalon Edo ne zai kashe shi ba. Don Allah ki tambaye ta ko za a samu, ko da kwalba ɗaya ce.

Kuma ba don kaina kaɗai ba. In gwajin nan ya yi kyau za a buƙaci mai kula da kududdufai, kuma ban san wanda ya san ruwa kamar Babagana ba. Mutumin da ya tashi a kwalekwale bai kamata ya ƙare yana tura amalanken itace a dajin da kowa ke gudu ba.

Naki,
Zayyad

Bulumkutu, Maiduguri
23 ga Fabrairu, 2025

Zuwa ga bawana Zayyad,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ƙafar Ya tana nan yadda ka san ta, tana kumbura tana sacewa. Manja ya iso, mun gode, ko da yake jarka ɗaya daga mutumin da ke kwana yana tashi a cikin manja, sai dai a ce Allah ya ƙara buɗi.

Wato shekara biyar ka yi a jami'a don ka koma kiwon gansakuka. Da Baba yana raye da ya ce a mayar masa da kuɗin makarantar da ya taimaka maka da shi. Na karanta wa Ya takardarka, ta yi dariya har ta share hawaye, abin da na daɗe ban gani ba. Ta ce su a can dihe suke ce masa, kuma ba kowane ruwa yake yi ba, sai tafkunan da ke da kanwa. Mata ne ke ɗebowa da ƙwarya, su yi gurbi a yashi su zuba, ruwan ya tsotse, abin ya bushe kamar waina, a ɓantara a sa a miya. Ta ce, “Yaron nan da hankali, ya san abin daɗi.” Ban iya fahimtar da ita cewa ba ci za ka yi ba. Na gwada da Hausa, na gwada da 'yar Kanurin da nake ji, ta ce to, to, ai kowa da yadda yake girkinsa.

Wani mai fataucin banda, Malam Ba'ana, shi ya kawo mana kwalba ɗaya bayan mako huɗu. Na zuba a baho a tsakar gida, Ya tana ƙara kanwa tana ɗanɗanawa da harshe har ta ce ya yi. Cikin kwana goma baho ya zama kore. Ga rabi nan na ba Dzarma, na ce kada ya toshe bakin, kada kuma ya ajiye kusa da inji.

Maganar aiki kuma, ban gaya wa Baban Rumaisa ba, kuma ina roƙonka kada ka faɗa masa a waya. Kullum bayan asuba yake fita da amalanke da gatari, su tsallake ramin tsaro, su yi ta nitsawa, don itacen kusa ya ƙare tuntuni. Ba ya tafiya da waya, saboda in mutanen daji suka same ka da ita sai su ce kai ne ke kai rahoto. Daga azahar nake fara kallon ƙofa. Watan jiya mutum uku cikin ayarinsu ba su dawo ba, amalankensu kawai aka turo. Washegari ya sake fita, don tukunya ba ta san an yi rashi ba.

Ina tsoro, Zayyad, kullum ina tsoro. Amma na saba da tsoron. Sa rai ne ban saba da shi ba, kuma ba na so ka koya mini shi sannan ka bar ni da shi.

Uwargijiyarka,
Najiba

Jihar Edo
6 ga Afrilu, 2025

Najiba,

Barkanmu da Sallah, Allah ya karɓi ibadunmu. Ki gaishe da kowa, ki durƙusa ki gaishe mini da Ya Gumsu gaisuwa ta musamman, ki ce mata da Kanurinsu wushe, sannu ƙwarai.

Dihen ya rayu. Da na ɗiga shi a madubin likita sai ga wasu 'yan zare kore a murɗe kamar taliyar yara, suna juyawa. Madam Vivian ta daɗe da ido a kai, ta ɗago ta tambaye ni wane kanti na sayo. Na ce kantin wata tsohuwa ne a Bulumkutu. Mun fara da bokiti, muka koma duro, muka sake shi a kududdufi biyu. Kanwar ce sirrin, kuma a nan ma ana sayar da ita, daga wajenmu ake kawowa. Kwana goma sha biyu ruwan ya tashi daga launin shayi ya koma kore. Wanda muka tace na saka tarwaɗa biyu a ciki, yau kwanansu tara suna iyo, ba su san ma gwaji ake yi da su ba.

Jiya muka kwashe kashi na farko muka mayar cikin ramin. Tamfol ɗin ya kumbura kamar cikin mai wata tara. Na kunna murhu, wuta ta kama shuɗiya ba hayaƙi, na dafa shayi na sha a tsaye ina kallon ta.

Masu matatsar za su zo ƙarshen Yuli. In suka tarar da kududdufan kore, kuma gas ya tayar da ƙaramin janareto, za su gina wasu shida, su ɗauki mutum biyu masu kula da su. Na yi wa Madam maganar Babagana, ta ce in dai daga gidan da irin ya fito ne, ba sai ta gan shi ba. Akwai ɗaki, akwai makarantar firamare a ƙauyen. Ki gaya masa, Najiba. Wannan karon ba surutun taubashi ba ne.

Wanda ke bahonki kuma ki ci gaba da kula da shi. Ba na tsammanin za a buƙace shi, amma a bar shi.

Zayyad

Bulumkutu
29 ga Afrilu, 2025

Bawana,

Muna lafiya, sai zafi. Rumaisa ta yi ƙyanda ta warke. Ya Gumsu ta amsa gaisuwarka, ta ce ka ci da kuɓewa, ya fi daɗi.

Na gaya masa. Ya ci tuwonsa ya wanke hannu. Bayan kwana biyu na ji shi a zaure yana tambayar maƙwabcinmu, wanda ya yi aikin gadi a Fatakwal, yadda ake cewa ina kwana da turancin buroka. Yanzu in ya dawo daga daji, kafin ya sha ruwa sai ya tsuguna gaban baho ya sa yatsa ya ɗanɗana, ya ce kanwa ta yi ƙasa ko ta yi yawa. Shi da uwarsa har gardama suke yi a kai. Na rufe bahon da tsohon gidan sauro saboda akuyar maƙwabta, wadda ita ma ta gano abin daɗi.

Ka ga abin da ka jawo. Jiya na kama kaina ina tunanin wace tukunya zan ɗauka wace zan bari. Saura wata uku. Na ce masa ya rage nisa, ya ce itace ba ya matsowa don mutum ya kusa barin sana'a.

Najiba

Jihar Edo
1 ga Yuni, 2025

Najiba,

Ina fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, Dzarma ya tayar da mota.

An yi ruwa kwana uku ba ƙaƙƙautawa. Bangon ƙasar da ya raba kwatar dagwalo mai zafi da kududdufanmu ya zube. Da gari ya waye duka biyun sun zama baƙi, mai yana yawo a sama. Kwalaben da na keɓe suna rumfar da ke gefe, ita ma ruwan ya shafe ta. Laifina ne, Madam ta sha ce mini in mayar da su ofis. Na duba a madubi har idona ya yi ja, ko zare ɗaya mai motsi babu.

Ina buƙatar mako shida in sake cika kududdufi, kuma mako takwas ya rage. Ga farar jarka nan. Ki cika ta rabi da ruwan bahonki, yadda yake, da ransa, kada a tace, kada a toshe bakin. Ki rage kaɗan a wajenki. Dzarma zai sauke kaya kwana biyu ya biyo ya karɓa. Na hau babur na kira wayar Babagana sau shida, a kashe take.

Yanzu duk abin da muke da shi a duniya yana cikin bahon nan.

Zayyad

Jihar Edo
17 ga Yuni, 2025

Najiba,

Saƙo ya iso. Na gode da wake. Na gode da banda, da turaren wuta, da kwano mai murfi.

Ban san me zan ce miki ba. Tun da Dzarma ya shigo ƙofar matatsa na gudu na tarye shi, Madam tana biye da ni, ya miƙo mini jarka na ji ta da nauyi tana kacau-kacau. Wake. Na buɗe kwano, ga wata 'yar busasshiyar waina koriya, ba ta kai tafin hannuna ba, an naɗe ta a farin ƙyalle kamar kayan biki. Ko layi ɗaya ba ki rubuto ba.

In wasan taubasantaka ne, kin zaɓi mummunan lokaci. In kuma ba ki karanta takardata ba ne, to me ya fi ta muhimmanci? Na rubuta da ransa, na rubuta kada a tace. Na jiƙa wainar a ruwan kanwa, na raba kwalba goma, na sa a rana, na sa a inuwa. Kwana biyar ke nan. Rana ta riga ta dafa shi, sai wari yake yi.

Ni in aka kore ni zan samu wani wurin, ina da takarda. Ba don kaina na yi wata shida ina shaƙar warin nan ba. Wanda ya yi wannan aiki, ko wane ne, ya sani cewa shi ya mayar da Babagana daji da hannunsa. In akwai saura a bahon, ko cokali ɗaya ne, ki aiko. Har tsakiyar Yuli in ya iso zan iya nuna musu ko duro ɗaya ne.

Zayyad

Bulumkutu
27 ga Yuni, 2025

Zayyad,

Muna nan da rai. Takardarka ta iso, kuma ba ni na fara karanta ta ba.

Bari in gaya maka abin da ya fi takardarka muhimmanci, tun da ka tambaya. Ranar da Dzarma ya zo ina Bolori. An kashe mijin ƙawata Khairunnisa a wajen itace, su biyu ne da Baban Rumaisa suke sara a gindi ɗaya, shi Baban Rumaisa ya tafi kai kaya amalanke, ya dawo ya tarar an gama. Kwana uku na yi a gidan makoki ina riƙe da ita, Baban Rumaisa yana waje tare da maza. Ya Gumsu kaɗai aka bari a gida, ita da ƙafarta.

Dzarma ya ba ta takarda da jarka, ya ce mata, “Mama, Zayyad yana son koren abin nan da gaggawa, jibi zan biyo.” Ba ta karatun boko, kuma ko tana yi, ba za ta buɗe takardar da aka rubuta wa wani ba. Ta sa ta ƙarƙashin matashina. Sannan ta yi abin da uwarta da kakarta suke yi in baƙo na nesa ya aiko neman dihe. A wajensu ba a aika wa mutum ɗanye, raini ne, kamar ka aika wa suruki tsaba ka ce ya daka da kansa. Ta ja jiki ta ɗebo yashi mai tsabta, ta yi gurbi, ta juye bahon gaba ɗaya, ta zauna a rana tana kore kaji har ya bushe. Da ta ga abin bai taka kara ya karya ba sai kunya ta kama ta, ta fasa ajiyarta ta sa aka sayo wake da banda don kada jarkarka ta koma ba komai. Kwanon nan na aurenta ne, shi kaɗai ta fito da shi ranar da suka gudo daga garinsu na bakin tafki. Bahon kuma ta wanke shi da toka da sabulu ta kife.

Da na dawo ta tarye ni da murna, tana cewa ta fitar da ni kunya. Na buɗe takardarka a tsaye, na karanta, na kalli bahon a kife. Na kankare yashin nan na jiƙa, na yi duk abin da ka yi, ni ma kwana biyar. Ban gaya mata ba. Me zan ce wa tsohuwar da ta yini a rana don ta girmama ka?

Takardarka ta biyu kuwa a hannun Baban Rumaisa Dzarma ya sa ta, kuma ka san yana haɗa baƙi. Ya karanta a zaure, ya daɗe bai shigo ba. Da ya shigo Ya ta tambaye shi ko yaron ya ji daɗin saƙo, ya ce mata ya ji daɗi ƙwarai, yana godiya. Ta ce ai ta sani.

Na je wurin Malam Ba'ana. Ya ce ya daina bin hanyar tun kafin Babbar Sallah, ko masu banda yanzu a Monguno suke tsayawa, ba mai ƙarasawa tafkunan kanwa. Na dawo na faɗa wa Baban Rumaisa, ya ce to. Amma jiya ya tambaye ni kwana nawa ya rage zuwa tsakiyar Yuli, kuma na ga ya wanke kwalaben roba biyu ya jingine su a bayan randa. Na ɗauke na ɓoye. Bai tambaye ni ina suke ba, kuma shirun nasa ya fi ba ni tsoro.

Na ji haushinka, ba zan ɓoye maka ba. Amma na san kai ma ba ka sani ba.

Najiba

Jihar Edo
8 ga Yuli, 2025

Yaya Najiba,

Allah ya jiƙan mijin Khairunnisa, ya ba ta haƙuri. Ni kuma ki yafe mini. Na karanta takardarki sau uku, na ɗauko kwanon na ajiye a gabana, na rasa inda zan sa kaina. Da ina da hali da na bi motar nan na ƙwace waccan takarda kafin ta iso.

Ki saurare ni da kyau. Kada Babagana ya je ko'ina. Babu sauran tsakiyar Yuli. Masu matatsa ba su jira ƙarshen wata ba, sun zo ranar Alhamis da ta wuce saboda mutanen ƙauye sun sake kai ƙara. Suka tarar da baƙin kududdufi da tamfol a kwance. Madam ta nuna musu hotuna, ta nuna musu tarwaɗar nan biyu da ke raye har yanzu a duro. Babbansu ya toshe hanci da hankici ya ce hoto ba ya tayar da janareto. Sun ce a cike kududdufan da ƙasa a yi wurin ajiye motoci, dagwalon kuma tanka za ta riƙa kwashewa tana kaiwa inda ba wanda zai gani. Madam ta tafi jiya. Ni an mayar da ni wajen awon mai.

Ko an kawo mini tafkin gaba ɗaya yanzu ba shi da amfani. Ki faɗa masa haka, ki nuna masa wannan layin da idonsa. Na hau babur sau uku na kira, wayar tana kashe. Na roƙi Dzarma ya fara biyowa ta gidanku kafin ya shiga kasuwa.

Zan ci gaba da nema masa wani abu, ko gadi ne, ko lodi. Ba zan yi miki alkawari ba, na ga abin da alkawarina ya haifar.

Ɗan gwaggonki,
Zayyad

Bulumkutu
3 ga Agusta, 2025

Zayyad,

Ina fatan kana lafiya. Rumaisa lafiya. Ƙafar Ya ta kumbura har gwiwa, don ta ƙi kwanciya, a bakin zaure take yini.

Dzarma ya cika alkawari, ta gidanmu ya fara biyowa, ranar sha huɗu ga wata. Baban Rumaisa ya tafi ranar biyu. Ya fita bayan asuba kamar kullum, sai da rana ta ɗaga na ga gatarinsa a jingine a bayan ƙofa da amalanke a zaure. Wayar tana ƙarƙashin tabarma. Kwalabe kuma ashe ba wuyar samu suke yi ba.

Uwarsa ya gaya wa, ni bai gaya mini ba. Ya ce mata yaron ya ji daɗin dihe har yana son ƙari, kuma in aka kai masa ɗanye wannan karon aikin ya tabbata. Ita ta kwatanta masa tafkin da ya fi kyau, wanda ke bayan tsohon garinsu, ta sa masa albarka. Ta ce mini ta so ta hana shi, amma ta ga an daɗe rabon da ta ga ɗanta yana tafiya kansa a sama.

Ranar Talatar da ta wuce wani mai banda da ban sani ba ya yi sallama. Ya miƙo mini kwalba ɗaya a cikin jiƙaƙƙen buhu, an huda murfin da ƙusa. Ya ce wani Babagana ya ba shi a Monguno, yau kusan mako uku, ya ce a kawo Bulumkutu gidan Ya Gumsu. Shi mai bandar hanya ce ta rufe ya maƙale a can, amma kullum yana fitar da kwalbar rana yadda aka ce masa. Na ce ina mai kwalbar. Ya ce ai Babagana ya ce masa ɗayar ta fashe a hanya, kuma ɗaya ba ta isa a dogara da ita ba, tun da an taɓa yin asara, zai koma ya cika wata ya biyo motar gobe. Mutumin ya yi mako biyu a tashar yana jiran hanya, bai sake ganinsa ba.

Na je duk inda ake zuwa. An rubuta sunansa a wani littafi, an ce in an ji wani abu za a neme ni. Khairunnisa takan zo ta zauna da ni, ita tana takaba, ni kuma ban san sunan abin da nake yi ba.

Ruwan yana da rai. Na zuba kaɗan a baho, ya kama. Ga sauran nan na ba Dzarma. Na karanta takardarka, na san an cike kududdufan, ba sai ka sake faɗa mini ba. Ka zuba shi a duro, ko a bokiti, ko ka yi yadda ka ga dama da shi. Ba zan iya barin sa duka a tsakar gidan nan ina kallo ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Ya Gumsu ba ta san abin da wainarta ta yi ba, ba ta san an rufe aikin ba. Abin da ta sani shi ne ɗanta ya je ɗebo ruwan da zai fitar da shi daga daji, kuma ruwan ya iso. Kullum sai ta tambaye ni ko Dzarma ya zo da amsa. In za ka rubuto, ka yi takarda biyu. Tawa ka faɗi abin da kake so. Tata ka rubuta da manyan baƙaƙe cewa saƙo ya iso da ransa, kududdufai sun yi kore, an ware wa Babagana ɗakinsa, ana jiransa. Ka sa har da launin ƙofar ɗakin, don za ta tambaya. Ni zan karanta mata, na iya riƙe muryata.

Najiba